Kafin a Kori 'Yar Fim, a Tambayi Nawa Aka Biya Ta

Duk lokacin da maganar mata 'yan fim ta taso a majalisun Hausawan Legas, ko a Agege ne ko Idi-Araba ko Mile 12, gefe ɗaya ake kama ta: shigar wance, rawar wance, wa ya riƙe hannun wa a bidiyo. Da wuya ka ji an tambayi nawa aka biya ta, ko ta sa hannu a wata takarda, ko wa zai biya asibiti in fitila ta faɗo mata a wurin ɗauka. A ganina wannan shirun da muke yi a kan kuɗi da takarda shi ne babbar ƙofar da ɓarnar da muke kuka da ita take shigowa. Yarinyar da ba ta san farashinta ba, ba ta da yarjejeniya, gidansu kuma sun ce ba ruwansu da ita, ita ce wadda kowane ɗan tasha mai kyamara zai juya yadda ya ga dama.

Akwai waɗanda a wurinsu fim ɗin kansa ne bai dace da 'ya mace ba, kuma ba da su nake jayayya ba. Uba yana da ikon ya ce a'a. Sai dai tun 1990 da aka fara fim ɗin bidiyo na Hausa a Kano ba a taɓa rasa masu shiga ba, balle yanzu da waya ɗaya ta isa a buɗe tasha a YouTube. Maganata a kan wadda ta riga ta shiga ce, da wadda za ta shiga ko an so ko an ƙi.

A Kano galibi ta hannun ubangida ake shiga: furodusa ko darakta ya ɗauki yarinya cikin yaransa, ta yi rajista, ya riƙa sa ta a finafinansa har fuskarta ta saba da mutane. A Legas ta tantancewa ake shiga. Kamfani zai fitar da sanarwa, yawanci a Instagram, ya faɗi irin mutanen da yake nema, shekarunsu da harshen da suke ji. Ko dai a taru a wani zaure a Surulere ko Ikeja a karɓi lamba a zauna jira, ko a ce kowa ya turo gwajinsa ta waya, wanda ya yawaita tun bayan korona. Gwajin waya yana da ƙa'ida, kuma a nan ake zubar da mutane da yawa tun kafin a saurari bakinsu. Wayar a kwance take, ba a tsaye ba, sai in an ce akasin haka, kuma a jingine ta daidai tsayin ido. Bangon baya ya zama fili, ba labule mai furanni ba. Haske daga gaba zai zo, wato ta fuskanci taga, kada ta juya mata baya ta koma inuwa. Hoton ya kama daga ƙirji zuwa sama. A kashe fanka, a nisanci janareta. Ta faɗi sunanta da tsayinta da harsunan da take ji, sannan ta yi wasan cikin minti ɗaya zuwa biyu, tana duban wanda yake karanta mata ɗaya ɓangaren a gefen wayar, ba cikin idon kyamara ba. Kwalliya kaɗan ta isa, masu zaɓe fuskar suke son gani ba hoda ba. Bayan wannan, kayan aikinta hotunan fuska ne biyu ko uku masu kyau, da guntun bidiyo da bai wuce minti biyu ba wanda ya tattara mafi kyawun fitowar da ta taɓa yi.

'Yan damfara kuwa ba su da wuyar ganewa. Ba a biyan kuɗi don a gwada mutum, don haka duk wanda ya ce a kawo kuɗin fom kafin a ba da rol, wato matsayin da za a fito a cikin fim, kasuwarsa fom ɗin ne. Wakili na gaskiya ba ya karɓar komai sai an biya ta, sannan ya cire kasonsa, galibi kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Ba a kuma tantancewa a ɗakin otal da daddare, mutum ɗaya, ƙofa a rufe. Makaranta daban ce, ita ana iya biyan ta: akwai PEFTI a Isolo, akwai Royal Arts Academy a Surulere, akwai kuma EbonyLife Creative Academy da gwamnatin jihar Legas ta tallafa wa don ta koyar kyauta. Amma takardar makaranta ba ta ba da rol. Abin da take bayarwa shi ne sanin inda za a tsaya, yadda za a maimaita motsi ɗaya sau goma ba a canza ba, da abokan aji waɗanda gobe su ne mataimakan darakta.

Daga nan hawa ne a hankali. Ana farawa da cika fage, mai wucewa a kasuwa ko mai zama a taron biki, sai rol mai layi ɗaya ko biyu, sai ƙawar jaruma. Abin da ke riƙe 'yar wasa da gaske ba fim ɗin sinima ba ne, shiri mai dogon zango ne, domin shi ke kawo kuɗi wata bayan wata. A Legas akwai shirin Tinsel na tashar Africa Magic da aka fara tun 2008, a Arewa kuma zuwan Arewa24 a 2014 ya ba 'yan wasa da dama irin wannan madogara. Wadda ta raina ƙaramin rol a irin wannan shiri tana jiran a sa hotonta a fosta ba ta yi lissafi ba.

Bahaushiya tana da jarin da sauran 'yan layin tantancewar ba su da shi, kuma sau da yawa ita ce ta ƙarshen ganewa. Kamfanonin talla na ƙasar nan a Legas suka fi yawa, kuma duk tallan layin waya ko banki ko sinadarin miya da za a kai Arewa yana buƙatar muryar Hausa mai kyau. Aikin sa'a ɗaya ne ko biyu a ɗakin ɗaukar murya, ba rawa ba kwalliya, fuska ma ba ta fitowa. Haka masu fim na Kudu, duk wanda ya kalli yadda ake yi wa Hausa fyaɗen 'ya'yan kaɗanya a wasu finafinansu ya san akwai gurbin mai gyara baki da mai fassara. Harshen kuma yana kai mutum nesa. A 2019 masu kyautar Oscar sun cire fim ɗin da Najeriya ta tura saboda Turanci ya yi masa yawa, a shekarar da ta biyo baya kuwa fim ɗin da aka tura yawancinsa da Hausa aka yi shi, kuma da shi Maryam Booth ta ci kyautar finafinan Afirka ta AMAA ta 2020 a rukunin mataimakiyar jaruma. Abin da zan ja kunne a kai shi ne rol ɗin da ake yawan miƙo wa 'yar Arewa: 'yar aiki mai gurɓataccen Turanci, ko yarinyar da aka yi wa auren dole, ko matar Alhaji ta huɗu. A karɓi ɗaya don a shiga ba laifi. In aka karɓi uku a jere, masu zaɓe sun gama yanke mata wuri.

Ranar aiki ita ce mutane ba su sani ba. Za a turo takardar kira da daddare, a ce ƙarfe shida ko bakwai na safe a wani gida a Lekki ko Ajah, inda ake yawan hayar gidajen ɗauka. Mai zaune a Agege sai ta fita kafin asuba. Jirgin ƙasa na jan layi da ya fara aiki a 2024 yana rage hanya zuwa Yaba ko Oyingbo, amma ba ya haye da mutum tsibiri. Ta isa, a yi mata kwalliya, sannan ta zauna. Za ta iya zama daga bakwai na safe har la'asar ba a kira ta ba, ana jiran babban tauraro ko ana gyaran haske ko maƙwabci ya kunna janareta mai sauti ya ce ba zai ɗauka ba. Sa'a goma sha biyu ita ce ƙaramar rana. Kuma ba a ɗaukar fim bi da bi yadda ake kallonsa. Duk fitowar da ke cikin falo ɗaya a rana ɗaya ake kwashe ta, ta 4 da ta 31 da ta 58, don haka da safe tana amarya, da azahar an sake ta, da yamma ta koma budurwa. Ƙwararriya takan bi rubutun labarin da biro, ta rubuta a gefen kowace fitowa abin da ya faru kafin ta, da kayan da ta sa, da ɗan kunne, da gefen da ɗaurin ɗankwali ya karkata, ta kuma ɗauki hoton kanta kafin ta tuɓe. Lalle ma yana ba da matsala: wanda aka yi ranar farko ya koɗe kafin rana ta shida, wanda aka sake a tsakiya kuma zai fito baƙi ƙirin a fitowar da ta riga ta jiya a labari. Ko dai kada a yi, ko a shirya da mai kwalliya tun farko. Lokacin salla da azumi kuma a faɗa wa manajan shiri tun kafin a fara, ba sai an kunna fitilu ba.

Sai lissafi. A ɗauka an ba ta naira 150,000 na aikin kwana biyar, adadin da mai kallo zai ce ai ta warke. Ta cire kuɗin mota na zuwa da dawowa, wanda rabinsa na tasi ne domin an tashi bayan sha ɗayan dare, kuma kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma tun cire tallafin mai a 2023. Ta cire kaya kala shida ko takwas, domin a ƙananan finafinai ɗan wasa ne ke zuwa da suturarsa, kuma wadda aka gani a fim biyu ba ta shiga na uku. Ta cire kason wakili da kuɗin data. Sannan ba kowane mako ake kira ba. In sau ɗaya a wata biyu irin wannan aikin yake zuwa, 75,000 ke nan a wata kafin a cire komai, a jihar da mafi ƙarancin albashin ma'aikatanta ya kai 85,000 a 2024. Ga kuma mutane suna sa ran ganin ta cikin leshi da babbar waya. Tazarar da ke tsakanin abin da ake biya da abin da ake so a gani a jikinta, nan ne masu mugun nufi suke zama jira. Wa'azi ba ya cike wannan tazarar. Sana'a ta biyu ce ke cike ta, ko ɗinki ko turaren wuta ko aikin murya, da kuma karɓar haƙƙinta cikakke a kan lokaci.

Shi ya sa na nace a kan takarda. Ba sai ta yi shafi ashirin ba. Ta ƙunshi sunan kamfani da na wanda zai biya, da rol ɗin, da ranakun aiki, da abin da za a ƙara in an zarce su, domin fim ɗin kwana biyar yakan koma takwas. Ta faɗi kuɗin da yadda za a biya: rabi kafin alƙalami, sauran rabin kafin a ɗauki fitowarta ta ƙarshe. Wannan sharaɗin ya fi kowanne muhimmanci, dalili kuwa a fili yake. Muddin akwai fitowar da ba a ɗauka ba, furodusa yana buƙatar ta. Da zarar darakta ya ce an gama, ita ce mai bin sa da waya, shi kuma yana cewa a jira tasha ta biya. Ta faɗi wanda zai ɗauki nauyin abinci da mota da masauki in an kai dare. Ta faɗi inda za a nuna aikin, in kuma talla ce, na tsawon wane lokaci kuma a ina, domin an sha biyan mace kuɗin hoton shekara ɗaya ta ga fuskarta a allon titi shekara uku. In furodusan ɗan gida ne zai ce, "Haba ƙanwata, tsakaninmu har sai an yi takarda?" Amsar ita ce, "Yaya, don zumuncin ya ɗore ne nake so a rubuta." In ya ƙi sa hannu, ta tura masa sharuɗɗan ta WhatsApp ya amsa da cewa ya yarda, kotu tana karɓar irin wannan shaidar. Legas kuma tana da kotun ƙananan basussuka tun 2018, mai sauraron bashin da bai wuce naira miliyan 5 ba, kuma ba dole sai da lauya ba.

Ga inda nake so iyaye da malamai su tsaya su duba. Iyakar da suke so 'yarsu ta tsare, a takardar nan ake tsare ta. Ana rubuta cewa ba za ta buɗe kai ba, ba runguma, ba fitowar gado, ba za a canza labari a wurin ɗauka a ƙaro abin da ba ta karanta ba, kuma ba za a yi amfani da jikin wata a nuna kamar nata ba. Manyan kamfanoni sun saba da irin waɗannan sharuɗɗan, in rol ɗin bai dace da su ba sai su nemi wata, ba faɗa. Wadda ba ta rubuta ba ita ce ake ritsawa da ƙarfe goman dare, mutum talatin suna tsaye, fitilu a kunne, darakta yana cewa ita kaɗai ake jira, kuɗinta kuma yana aljihunsa. Yarinya 'yar shekara ashirin da za ta iya cewa a'a a wannan halin ba ta da yawa.

Kora kuwa mun ga iyakar abin da take yi. A 2004 'yan kasuwar fim na Kudu sun dakatar da wasu manyan taurari na shekara guda, ciki har da Genevieve Nnaji da Omotola Jalade, saboda sun ce kuɗinsu ya yi tsada. A 2016 ƙungiyar masu shirya finafinan Hausa ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda wani bidiyon waƙa. Duka ukun sun ci gaba da sana'arsu, ita Rahama ma ƙofar Legas ce ta ƙara buɗe mata. Mai suna ba ta faɗuwa don an kore ta. Wadda ke faɗuwa ita ce ƙaramar da ba wanda ya sani, wadda aka kora daga ƙungiya ko daga gida, ta rasa wurin kai ƙara. Kuma ban taɓa ganin hikimar tsarin da ke saurin hukunta yarinya kan abin da aka ɗauka, alhali wanda ya rubuta, ya ba da umarni, ya tace, ya sayar, yana zaune lafiya ba.

Batun rai ma a takarda yake. A Afrilun 2024 jarumi Junior Pope ya rasu tare da wasu ma'aikatan fim lokacin da kwalekwalensu ya kife a kogin Neja suna kan hanyar aiki, ba rigar kariya a jikinsa. Sai bayan nan ƙungiyar 'yan wasa ta AGN ta dakatar da ɗauka a kan ruwa. Duk fitowar da ta haɗa da ruwa, wuta, gudun mota, hawa sama ko bindigar wasa, 'yar wasa ta tambaya tun kafin ranar: wa ke kula da tsaro, wane asibiti ne mafi kusa, wa zai biya. Tambayar ba rashin kunya ba ce.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarshen hanyar. A Kannywood al'adar ita ce mace ta yi aure ta bar fitowa, don haka shekarun samunta ba su da yawa, in kuma auren ya mutu ta dawo ta tarar an cike gurbinta da sababbin fuskoki. A Legas ba haka ba ne: Omotola ta yi aure tun 1996 ta ci gaba, Joke Silva tana wasa tun shekarun 1980. Amma ko a nan rol yana raguwa da shekaru, daga budurwa a koma uwa, daga uwa a koma kaka mai fitowa biyu. Kuma sau ɗaya ake biyan ɗan wasa, fim kuwa a yi ta nuna shi shekara goma. Da dattijuwar 'yar wasan Kannywood Ladin Cima ta faɗa wa BBC Hausa a 2022 cewa dubu biyu zuwa biyar ake sallamar ta da shi, masana'antar ta rabu biyu, wasu furodusoshi suka musanta. Ni abin da na ɗauka daga rigimar shi ne, da ita da su babu wanda ya ɗaga takarda ya ce ga abin da muka sa hannu a kai. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta amince da haƙƙin mai wasa, akwai kuma AVRS mai karɓo kuɗin nuna finafinai a madadin masu haƙƙi, to amma wadda ta sa hannu ta sayar da komai har abada a kan kuɗin kwana biyar, ko ba ta sa hannu a komai ba, da me za ta je ta nema? Tun tana ganiyar samu ya kamata ta shiga tsarin fanshon masu sana'ar kansu da hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta buɗe a 2019, ta yanki inshorar lafiya irin Ilera Eko na jihar Legas. Mun gaji da ganin bidiyon tsofaffin taurari a gadon asibiti ana karanto lambar asusu.

Waɗanda suka tsira daga wannan su ne waɗanda suka mallaki abin da suke fitowa a ciki. Funke Akindele ta fara ne a shirin talabijin a ƙarshen shekarun 1990, ta koma shirya nata, kuma a farkon 2024 fim ɗinta ya zama na Najeriya na farko da ya haye naira biliyan ɗaya a sinima. Ba kowa ce za ta kai nan ba, kuma ba na ba wa kowa shawarar ta sayar da gwal ta zuba a fim. Kasuwar tana juyawa ba sanarwa, kamar yadda Prime Video, mai nuna finafinai ta intanet, ta janye daga ɗaukar nauyin sababbin finafinan Afirka a Janairun 2024 ta bar masu jiran ta a tsaye. YouTube ya fi sauƙin shiga: mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 a shekara, sannan mai tasha ya riƙa karɓar kashi 55 cikin ɗari na kuɗin talla. Sai dai a lura da kalmar mai tasha. In fuskar taki ce amma tashar da imel ɗin da asusun da kuɗin ke shiga na saurayi ne ko manaja, ranar da kuka ɓata ba ki da komai. Matakin da ya fi dacewa da matsakaiciyar jaruma shi ne ta rage kuɗin aikinta a wani fim ta karɓi kaso rubutacce a madadinsa, tare da ikon ganin lissafin kuɗin da ya shigo duk wata uku.

Hausawan Legas suna da abin da ake buƙata don wannan, ba sai an jira gwamnati ba. Akwai fadar Sarkin Hausawa a unguwanninmu, akwai ƙungiyoyin mata, akwai 'ya'yanmu lauyoyi. Lauya ɗaya da zai ware yammacin Asabar ya riƙa karanta wa yara yarjejeniya kafin su sa hannu zai hana ɓarnar da huɗuba goma ba ta hana ba. A gida kuma, uwa ko yaya ko gwaggo ta raka ta zaman farko da kamfani, ta karɓi adireshin wurin ɗauka da lambar manajan shiri, ta san ƙarfe nawa za a tashi da wanda zai dawo da ita. In wani ya nemi lalata da ita a madadin rol, ta adana saƙonninsa kada ta goge, dokar jihar Legas ta ɗauki wannan a matsayin laifi, kuma akwai hukumar DSVA ta jihar da ke karɓar irin wannan ƙorafin.